Haɗa amfilifaya a gida: Daga ina ya kamata ɗan koyo ya fara?

A garuruwan Wurno da Rabah da Goronyo, kamar sauran sassan gabashin jihar Sakkwato, da wuya a wuni ba a ji murya ta fito daga lasifika ba: kiran salla, ko wa'azin bayan magariba, ko cigiyar akuyar da ta ɓata, ko mai tallan magani ranar kasuwa.

A bayan kowace irin wannan murya akwai wani ɗan akwati da ake kira amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti. Ba a cika lura da ita ba sai ranar da ta lalace.

Yanzu da wayar salula ta kai kusan ko'ina, matashi mai sha'awar haɗe-haɗe yana iya kallon yadda wasu a Amurka ko Turai ke zama a ɗakinsu su haɗa ƙaramar amfilifaya irin ta da, mai aiki da bawul, domin kiɗan jita. Kayan ba su da yawa, zanen bai wuce shafi guda ba, kuma ana cewa aikin ɗan koyo ne.

Shin haka abin yake ga wanda ke zaune a Wurno? Ana iya haɗa ta, babu shakka. Sai dai akwai dalilai masu ƙarfi da suka sa bai kamata ta zama aikin farko ba, kuma ɗaya daga cikinsu batun rai ne.

Yadda na'urar ke aiki

Mutane da dama na ɗauka cewa amfilifaya tana karɓar ƙaramar murya ne ta hura ta ta yi girma. Ba haka take yi ba.

Misali mafi kusa shi ne madatsar ruwa ta Goronyo da ke kan kogin Rima, wadda aka kammala a 1984, aka kuma ƙaddamar a 1992, mai iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Ma'aikacin da ke buɗe ƙofar madatsar ba shi ya halicci ruwan ba, kuma ba ƙarfinsa ne ke tura shi zuwa gonakin shinkafa ba. Abin da yake yi kawai shi ne ya ɗaga ƙofa ko ya sauke ta, ruwan kuma ya bi umurninsa.

To haka amfilifaya take. Batir ko wutar soket ita ce tafkin. 'Yar wutar da makirfo ko jita ke fitarwa, wadda sau da yawa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na volt guda ba, ita ce hannun ma'aikacin. Tana buɗe ƙofa tana rufewa sau ɗaruruwa ko dubbai a cikin daƙiƙa guda, babbar wutar kuma tana kwarara zuwa lasifika daidai da wannan motsi.

Bambancin da ke tsakanin na'urorin da da na yanzu shi ne irin ƙofar da aka sa.

Mene ne bawul?

Bawul wata 'yar kwalba ce mai kama da ƙwan lantarki, wadda aka zuƙe iskar cikinta. A tsakiyarta akwai wani ƙarfe da ake gasawa har ya yi ja, ya riƙa sakin ƙwayoyin lantarki. A gefe kuma akwai wani faranti mai ɗauke da wuta mai ƙarfi da ke janyo su.

Wani masanin Ingila, John Ambrose Fleming, ne ya ƙirƙiro ta a 1904. A 1906 Ba'amurke Lee de Forest ya ƙara mata wata siririyar raga tsakanin ƙarfen mai zafi da farantin. Wannan raga ita ce ƙofar madatsa: 'yar wuta kaɗan a jikinta na iya rage kwararar ko ta ƙara ta.

Kusan shekaru hamsin rediyo da silima da wayar tarho ta nesa duk sun dogara ne a kan bawul. Sai a ƙarshen 1947 masu bincike a kamfanin Bell na Amurka suka fito da tiransisto, wanda ke yin aikin ba tare da gashi ba, ba tare da kwalba ba, kuma da 'yar wutar batir.

Wannan sauyi ne ya kai rediyo karkara. An yi ƙoƙarin yin rediyo mai bawul da batir domin Afirka, kamar wanda kamfanin Ever Ready ya fitar a 1949 saboda Rodeshiya ta Arewa, Zambiya ta yau, wanda jikinsa ya yi kama da tukunyar girki. Amma batirinsa babba ne. Rediyon da manomi ke ratayawa a kafaɗa ya tafi gona da shi, wanda ya bazu a arewacin Najeriya daga shekarun 1960, ɗan tiransisto ne.

Abin da masu jita ke nema

To me ya sa har yau ake neman bawul?

Amsar tana ga abin da ke faruwa idan aka matsa wa na'ura fiye da ƙarfinta. Tiransisto yakan datse sautin farat ɗaya, ya fito da ƙara mai kaushi. Bawul kuwa a hankali yake lanƙwasa shi, sautin ya yi kauri, ya ɗan dushe kamar muryar mawaƙin da ya kwana yana waƙa. Masu kiɗan jita suna son wannan dushewar, har suna biyan kuɗi mai yawa dominta.

Zanen da aka fi ba 'yan koyo shi ne na Champ, wata ƙaramar amfilifaya da kamfanin Fender na Amurka ya fara sayarwa a 1948 domin masu koyon kiɗa. Samfurin ƙarshen shekarun 1950, wanda aka sani da lamba 5F1, bawul uku gare shi. 12AX7 tana karɓar 'yar wutar jita ta ɗaga ta. 6V6 tana ba ta ƙarfin motsa lasifika. 5Y3 kuma tana mayar da wutar soket mai kai-da-komo ta zama mai tafiya hanya guda. Maɓallin murɗawa ɗaya ne tak, ƙarfinta kuma kimanin wat 5.

Jita dai ba baƙuwa ba ce can a wannan yanki. Da an tsallaka iyaka ta Illela zuwa Birnin Ƙonni an shiga jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, inda Mdou Moctar ya fito, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, kafin sunansa ya kai Turai da Amurka.

Sai dai kiɗan ƙasar Sakkwato na ganga ne da murya. Ƙasar Gandi da ke ƙaramar hukumar Rabah ita ta ba Hausawa Ɗan Anace, mawaƙin 'yan dambe. Kuma mafi yawan masu buƙatar amfilifaya a nan, ladan ne da mai wa'azi da mai shela, waɗanda so suke a ji kowane harafi tangaran. Dushewar da mai jita ke saye da tsada, a wurin ladan aibi ce.

Wutar da ke kwance bayan an kashe

Batir ɗin mota volt 12 ne, ana kama bakinsa da hannu ba a ji komai ba. Soket ɗin gida a Najeriya volt 230 ne. A cikin akwatin Champ kuwa, tiransifoma tana ɗaga wutar ta haura volt 300, domin farantin bawul ba ya aiki sosai da ƙasa da haka.

Ba a buƙatar wuta mai yawa kafin zuciya ta rikice. Na'urorin kariya da ake sawa a gidajen zamani an tsara su ne su yanke wuta da zarar kashi 30 cikin dubu na amfiya guda ya zurare, domin abin da ya wuce haka, idan ya ratsa ƙirji, yana iya kisa. Amfilifaya mai wat 5 na iya ba da fiye da wannan.

Abin da ya fi yaudarar ɗan koyo shi ne kwandensa. Aikinta shi ne ta tara wuta ta riƙe, domin sauti ya fito sumul ba tare da gurnani ba. Idan aka zare soket, ba lallai ne ta zubar da abin da ta tara nan take ba. Kamar ruwan da ke kwance a magudana ne bayan an rufe ƙofar madatsa. Bawul ta huce, fitila ta mutu, ɗaki ya yi tsit, amma ɗaruruwan volt na nan suna jiran yatsa.

Saboda haka ƙa'idar masu wannan aiki ita ce, a sauke wutar kwandensa ta hanyar resisto, sannan a auna da mita a ga ta koma kusan sifili, kafin a sa hannu. Ba a haɗa bakinta da sukundireba, domin tartsatsin na iya lalata ta ko ya yi wa ido illa. Idan kuma dole ne a yi awo na'ura na kunne, da hannu ɗaya ake yi, ɗayan na aljihu ko a baya, don kada wuta ta shiga ta wannan hannu ta fita ta wancan.

Yanayinmu ma yana ƙara haɗarin. Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta, jiƙaƙƙiya kuwa ba ta yi. Wanda ke aiki cikin zafin watan Afirilu, gumi na zuba, ƙafarsa ba takalmi a kan daɓen siminti, ya buɗe wa wuta hanya zuwa ƙasa. Bugu da ƙari, gidaje da shaguna da dama ba su da wayar ƙasa, wato waya ta uku da ke ɗauke wuta daga jikin akwatin ƙarfe idan wani abu ya tsinke a ciki. Tsirkiyar jita da jikin makirfo kuwa a haɗe suke da wannan akwati. Idan babu wayar ƙasa, leɓen mai magana ko yatsun makaɗi ne za su zama hanyar.

Akwai wata jaraba kuma: a samo tsohon rediyo mai bawul daga ɗakin kaka a mayar da shi amfilifaya. Wasu daga cikin irin waɗannan rediyo an yi su ne ba tare da tiransifomar da ke raba su da soket ba, don a rage kuɗi, ta yadda ƙarfen cikinsu kan iya ɗaukar wutar gida kai tsaye. Akwatin katako ko na roba ne kawai ke kare mai shi. Jona jita ko makirfo a irin wannan ganganci ne.

Wuta, zafi da tsada

Ko da an kauce wa haɗari, lissafin bai cika goyon bayan bawul ba.

Gasa bawul ukun nan kaɗai na cin kusan wat 15: wat 10 ga 5Y3, kusan 3 ga 6V6, kusan 2 ga 12AX7. Wato kafin a ji ko tari daga lasifika an ƙone ninki uku na abin da na'urar za ta bayar. A inda wuta ke zuwa ta ɗauke, mutane na dogaro da farantin sola da batir, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Zane-zanen da ke yawo a intanet kuma akasarinsu na Amurka ne, inda wutar gida take volt 120, tana juyawa sau 60 a daƙiƙa. Tamu volt 230 ce, sau 50. Wanda ya yi odar tiransifoma bai duba wannan ba, ranar da ya jona ta ranar za ta yi hayaƙi. Ƙaramin janareta mai hawa da sauka ma yana rage wa bawul kwana.

Sai zafi. A bazara ma'aunin zafi a Sakkwato kan haura digiri 40, bawul kuma murhu ce da kanta. Ƙa'idar da masu ƙera kwandensa ke bayarwa ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon rayuwarta biyu.

Kayan ma ba a nan suke ba. Masana'antun da suka rage suna yin bawul 'yan ƙalilan ne, mafi shahara a birnin Saratov na Rasha, da kamfanin JJ Electronic a Sulobakiya, da wasu a Sin. Lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 an shiga ƙarancinta a duniya, farashi ya tashi. A Najeriya kuma darajar naira ta faɗi ƙwarai bayan sauya tsarin canji a watan Yunin 2023. Resisto da kwandensa ana iya samunsu a birnin Sakkwato, ko Sabon Gari a Kano, ko Alaba a Legas. Tiransifomar da ke tsakanin bawul da lasifika kuwa ta musamman ce, kuma ita ce ke saurin ƙonewa idan aka kunna na'urar ba a jona lasifika ba, kuskuren da ɗan koyo ke iya yi a daren farko.

Inda ya kamata a fara

Duk abin da bawul za ta koya wa mutum game da ƙara sauti, akwai 'yar na'urar da za ta koya masa shi da batir ɗin volt 9.

Sunanta LM386, aisi ce mai ƙafa takwas da ba ta kai farcen babban yatsa ba. Da ita, da kwandensa uku ko huɗu, da maɓallin murɗa sauti, da lasifikar tsohon rediyo, an gama. Tana ninka abin da aka ba ta sau 20, idan kuma aka sa wata 'yar kwandensa tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8 sai ta ninka sau 200. Ƙarfinta bai wuce kimanin rabin wat ba, amma ya isa ɗaki. Idan aka yi kuskure, aisi ce za ta ƙone, a sayi wata.

A nan ne hannu ke koyon narka dalma ba tare da ta dunƙule ba, ido ya koyi karanta zane da launukan resisto, kunne ya koyi rarrabe gurnanin wuta da kukan da lasifika ke yi idan makirfo ya matso ta. Gwangwanin madara ko na shayi ya isa akwati, har ma yana kare na'urar daga tsince-tsincen ƙara.

Ita ma dalmar a yi hattara da ita, musamman da yake da hannu muke cin tuwo. A wanke hannu bayan aiki, kada a riƙe ta da haƙori, kada kuma a bar gutsattsarinta inda yara ke rarrafe. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da gubar dalma ke yi a 2010, lokacin da ta fito daga duwatsun zinariya ta kashe yara kimanin 400.

Mataki na biyu shi ne TDA2003, wadda aka yi domin rediyon mota. Da batir ɗin mota mai cikakken caji tana ba da kusan wat 5 a lasifika mai om 4, muddin an ɗaura mata farantin alminiyam da zai kwashe zafi. Wannan daidai yake da ƙarfin Champ, ba tare da volt 300 ba, ba tare da jiran wutar gari ba. Idan aka jona ta da lasifika mai bakin kakaki, irin ta saman masallaci, wadda ba ta ɓarnar wuta, muryar za ta yi nisan da ba a zata ba.

Mai son ya ƙara wa kayan kiɗan gida sauti kuma sai ya lura da abu guda. Abin ɗaukar sautin jita maganaɗisu ne, tsirkiyar ƙarfe kaɗai yake ji. Goge da kukuma kuwa izgar doki ce. Abin da ya dace da su, da gurmi da garaya, shi ne wani ɗan faifan tagulla mai farin shafi a tsakiya, irin wanda ke kuka a cikin agogon hannu da ƙananan kayan wasa. Idan aka manna shi a jikin ƙoƙon, yana mayar da girgiza ta zama wuta. Sai dai idan aka jona shi kai tsaye da LM386 sautin zai fito siriri, ba kauri, sai an sa tiransisto irin na JFET a tsakani. Abin mamaki, a wannan fage bawul ta fi dacewa, domin ƙofarta ba ta jan komai daga faifan.

Sana'ar da ke ciki

Akwai dalilin da ya sa wannan ilimi ya wuce abin sha'awa a gabashin Sakkwato.

Masallacin da ya fara sa lasifika, kamar yadda aka fi ruwaitowa, shi ne Masallacin Sultan na Singafo a 1936. Yau kusan babu masallacin Juma'a da ba shi da ita, kuma amfilifayoyin da ake amfani da su, irin na Ahuja daga Indiya da TOA daga Japan, na tiransisto ne, da yawansu suna karɓar batir idan wuta ta ɗauke. Abin da ke kashe su sanannu ne: fis, da kwandensar da zafi ya busar, da tiransiston da ya ƙone saboda an jona lasifika fiye da kima, da ƙurar hunturu a cikin maɓalli.

Kai irin wannan na'ura birni gyara kuɗin mota ne, a wasu shekarun kuma har da kasada. Yankin ya sha fama da 'yan bindiga. A watan Satumban 2021 an katse layukan salula a ƙananan hukumomi 14 na jihar, ciki har da Rabah da Goronyo, sannan a watan Oktoba aka kai hari kasuwar Goronyo, inda gwamnatin jihar ta ce mutane 43 sun rasu. A irin wannan hali, garin da ke da mai gyara a cikinsa ya fi wanda ba shi da shi.

Wanda ya haɗa LM386 da TDA2003 da hannunsa ya riga ya san rabin abin da ke cikin akwatin masallaci. Sauran rabin yana wurin mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, ko a azuzuwan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da ke Sakkwato.

Idan bayan duk wannan zuciya ba ta bar bawul ba, to a yi ta a teburin wanda ya saba da babbar wuta, kada a yi ta a kaɗaice. A sa waya mai baki uku da wayar ƙasa ta gaskiya, a sa fis daidai kima, a tabbata tiransifomar ta volt 230 ce, a kuma jona lasifika tun kafin a nufi soket.

Ranar kunnawar farko kuma, masu gyara na da wata tsohuwar dabara: a ratsa ƙwan lantarki mai zare a ciki, irin na da, a kan wayar da ke kawo wuta, ta yadda duk abin da na'urar za ta ja sai ya bi ta cikinsa. Ƙwan zamani mai tsimin wuta ba ya wannan aiki.

Idan ƙwan ya haska da ƙarfi ya tsaya a haka, akwai inda waya ta haɗu, sai a zare soket, a sauke kwandensa, a koma kan zane. Idan kuwa ya haska ya dushe, sai a jira. Bawul ba ta magana nan take. Sai bayan daƙiƙa goma zuwa ashirin, idan cikinta ya yi ja, lasifika za ta fara numfashi.